Haraji A Kan Riba Yake: Bayani Ga 'Yan Uwa Masu Sana'ar Kansu A Abuja Da Kudu



Tun ƙarshen shekarar 2025 saƙonnin murya ke yawo a WhatsApp, wai gwamnati za ta riƙa cire haraji daga duk kuɗin da ya faɗo asusun mutum na banki. Na san mutanen da suka koma ɗaura kuɗi a ƙugu saboda wannan magana, har wasu suka ce kada a ƙara tura musu ko sisi ta waya. To a irin hanyoyinmu na yanzu, wanda ya ɗauko miliyoyi a jaka daga Legas zuwa Arewa ya san abin da ya ɗauko wa kansa.

Ni ɗan mai fataucin shanu ne. Mahaifina yana harkarsa a karar Dei-Dei nan Abuja, yana kuma yin lodi zuwa kudu, kuma tun da na gama sakandare ni ke riƙe masa littafi. Ina da 'yar sana'ata a gefe, ina kai nama gidajen abinci a cikin gari. Wannan ya sa dole na zauna na fahimci maganar haraji, kuma da Hausar kasuwa zan yi bayaninta. Taƙaicen maganar dai shi ne, doka ribarka take bi. Kuɗin da ya ratsa ta hannunka ba duka ne naka ba, amma takarda ce kaɗai za ta raba wa jami'in haraji naka da na mutane.

Me ya canja?

A ranar 26 ga Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda huɗu, waɗanda suka fito daga aikin kwamitin Taiwo Oyedele. Sabon lissafin ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026. Hukumar tara haraji ta tarayya da muka sani da FIRS ta koma NRS.

Harajin mai sana'ar kansa kam ba sabon abu ba ne. Yana cikin dokar harajin kuɗin shiga ta 1993. Iyayenmu ma suna tuna zamanin haraji da jangali, lokacin da ake bin mutum gida ana ƙirga shanunsa, kafin gwamnatocin PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna su soke su bayan sun hau mulki a 1979. Mu da muka taso bayan nan mun ɗauka haraji na ma'aikacin gwamnati ne kawai, wanda ake yanke masa a albashi. A doka ba haka ba ne. Tela, mai shayi, ɗan acaɓa, mai POS, ɗan canji, dillali, mai gyaran waya, mai aiki ta intanet, duk doka ta san da su. Abin da ya canja shi ne adadin da ake biya, da kuma yadda aka haɗa NIN da asusun banki da rajistar kasuwanci, har ya zama ɓuya ta yi wuya.

Wa ke karɓar harajinka?

Mutum ɗaya mai sana'ar kansa ba NRS yake biya ba. Hukumar haraji ta jihar da yake zaune ita ce mai karɓa. A Abuja FCT-IRS ce, a Legas LIRS, haka Oyo, Ogun, Anambra da Ribas kowace tana da tata. Ba a duba asalinka. Ko kai Bakatsine ne ko Basakkwace, idan a Agege kake zaune da sana'arka, Legas ke da harajinka.

Mu a Abuja nan ne ake yawan ruɗewa. Wanda ke kwana a Kubwa, Dei-Dei, Nyanya ko Gwagwalada na FCT-IRS ne. Wanda ke kwana a Mararaba ko Masaka yana shigowa kasuwar Wuse kullum, na jihar Nasarawa ne. Na Suleja da Madalla kuwa na jihar Neja ne. Irin wannan akwai shi a kudu. Karar Berger da muke kira ta Legas, a ƙasar jihar Ogun take, saboda haka mutum zai iya yini a Ogun ya kwana a Legas. Harajin kuɗin shiga wuri ɗaya ake biyansa, inda mazauninka yake. Ka riƙe shaidar biyan, don kada a tambaye ka sau biyu.

Nawa ake biya?

Ana fara fitar da ribarka ta shekara, wato abin da ka sayar a cire abin da ka kashe wajen nemo shi. Sannan a raba ribar hawa-hawa kamar haka:

Naira 800,000 na farko: babu haraji.
Naira 2,200,000 da ke biye: kashi 15 cikin 100.
Naira 9,000,000 da ke biye: kashi 18.
Naira 13,000,000 da ke biye: kashi 21.
Naira 25,000,000 da ke biye: kashi 23.
Abin da ya haura naira 50,000,000: kashi 25.

A lura, kowane kaso a kan hawansa kawai yake hawa. Idan ribarka ta haura miliyan 3 da kaɗan, wannan kaɗan ɗin ne za a yi wa lissafin kashi 18, na ƙasa yana nan yadda yake.

Akwai kuma sassaucin kuɗin haya. Idan gidan haya kake zaune, ana cire kashi 20 na hayar da ka biya a shekara daga ribarka kafin a yi lissafi, amma abin da za a cire ba zai wuce naira 500,000 ba. Sai ka nuna shaidar abin da ka biya, saboda haka a daina karɓar "na gani" da baki daga mai gida ko wakilinsa, a nemi rasit. Kuɗin fansho, inshorar lafiya ta ƙasa da inshorar rai su ma ana cirewa ga mai biyansu.

Bari mu yi misali. A ce mai shayi a Mile 12, bayan ya cire kuɗin burodi, madara, suga, ƙwai da gas, yana tsira da naira 60,000 a wata. A shekara 720,000 ke nan. Bai kai 800,000 ba, ko kwabo ba a binsa.

A ce mai gyaran waya yana tsira da 200,000 a wata, wato 2,400,000 a shekara, yana biyan hayar ɗaki 300,000. Kashi 20 na hayar 60,000 ne, saura 2,340,000. A cire 800,000 na farko, saura 1,540,000. Kashi 15 na wannan shi ne 231,000 a shekara, ƙasa da 20,000 a wata.

Yanzu ga misalin da ya fi kusa da mu. A ce falke ya sayar da shanu na naira miliyan 60 a shekara. Ya sayo su a kan miliyan 52. Kuɗin tirela da 'yan lodi miliyan 2 da rabi. Dusa, harawa, ruwa, magani da ladan masu kiwo miliyan 1. Takardun kara da la'adar dillalai 500,000. Ribarsa miliyan 4 ce. Idan hayar gidansa 600,000 ce, za a cire 120,000, saura 3,880,000. Hawan farko kyauta ne. Hawa na biyu 330,000. Ragowar 880,000 a kan kashi 18 ya ba da 158,400. Duka-duka 488,400.

To da a ce miliyan 60 ɗin nan ita ce riba, lissafin zai kai naira 12,930,000. Dubi tazarar da ke tsakanin 488,400 da kusan miliyan 13. Abin da ke tsaye a tsakaninsu shi ne shaidar cewa ka sayi shanun, ka biya mota, ka ciyar da su. Doka ta ba hukuma damar yanka wa mutum haraji da ƙiyasi idan ba shi da lissafin da za a dogara da shi. Mai ƙiyasi kuwa bai san an yi faɗuwa bayan Babbar Sallah ba, bai san sa biyu sun mutu a mota kafin Lokoja ba. Abin da idonsa ya gani zai bi.

Kuɗin mutane a asusunka

Wannan shi ne wurin da ya fi damuna game da mutanenmu. Kasuwancinmu a kan amana aka gina shi tun kakanni. Falke ya sauka wurin maigidansa a zango, dillali ya haɗa ciniki, mahauci ya ja sa bashi sai ya sayar da nama ya kawo kuɗi, maigida ya tsaya a tsakani. Miliyoyi na wucewa da musafaha kawai. Da can a aljihu kuɗin ke wucewa. Yanzu ta asusu suke bi, asusu kuwa ba ya mantuwa.

Dillali zai iya karɓar kuɗin shanun mutum goma a asusunsa a sati ɗaya, alhali nasa a ciki la'ada ce kawai. Haka wanda ake tara adashi a hannunsa. Haka yaron da ke da asusu a ɗakin da mutum biyar ba su da shi, kowa ta wurinsa yake aika wa gida. Haka mai POS da ɗan canji, kuɗi na shiga na fita yini guda, ribar kuwa 'yar kaɗan ce.

Ga gaskiyar yadda abin yake. Banki ba ya cire harajin kuɗin shiga daga kuɗin da aka turo maka. Naira 50 da ake cirewa idan an tura 10,000 ko fiye, kuɗin hatimi ne, an daɗe ana cire shi, sai dai yanzu mai turawa ke biya. Kyauta, bashin da ka ranto, bashin da aka biya ka, gado da ajiyar wani ba kuɗin shiga ba ne, babu haraji a kansu. Amma doka ta ɗora wa bankuna su riƙa ba hukumar haraji bayanin asusun da hada-hadarsu ta kai miliyoyi masu yawa a wata, kuma kowa ya san tirela ɗaya ta shanu a yau miliyoyi nawa ce. Idan aka kira ka, kai za ka yi bayanin ko na wane ne. Sannan idan an kammala lissafi an tabbatar ana binka haraji, wa'adin ƙorafi ya wuce ka ƙi biya, a nan kam doka ta ba hukuma ikon umartar bankinka ya biya daga kuɗinka. Wannan mataki a ƙarshen hanya yake, bayan takardu sun yi ta zuwa. Shi ya sa ba a wasa da takardar haraji, ba a jefa ta ƙarƙashin tabarma.

Maganin abin mai sauƙi ne. Ka raba asusu biyu, ɗaya na kasuwa ɗaya na gida. Duk wanda zai turo kuɗi ya rubuta dalili a wurin da ake rubutawa, ko da kalma uku ce, kamar "kuɗin shanun Alhaji" ko "biyan bashi". Idan ka miƙa wa mai kuɗi kuɗinsa, ka tura ta banki don fitar ta bayyana kamar yadda shigar ta bayyana. Dillali ya rubuta kowane ciniki: ranar, mai dabba, mai saye, farashi, la'ada. Rubutun nan ba ya rage amana. Ko tsakanin 'yan uwa ma yana kashe rigima ranar da ɗaya ya rasu magada suka zo tambaya.

Takardu biyar da ya kamata ka mallaka

Ta farko, lambar haraji. An sauƙaƙa wannan. Ga mutum ɗaya, da NIN ɗinsa ake fitar da lambar, ga kamfani kuwa da lambar rajistarsa ta CAC. Ba a buƙatar wani kati na daban, kuma ba a sayar da ita, saboda haka kada wani ya karɓe maka kuɗi da sunan zai "yi maka hanya". Abin da za ka duba shi ne sunanka da ranar haihuwarka su zama iri ɗaya a NIN da BVN. Mu muna da wannan matsala sosai, a nan Muhammadu, a can Mamman, a wani wurin Mohammed. A gyara tun kafin buƙata ta taso, ba a fafe gora ranar tafiya. Mai sana'ar da ya kamata ya yi rajista ya ƙi, tararsa naira 50,000 ce a watan farko, sannan 25,000 kowane wata bayan nan.

Ta biyu, rajistar CAC. Idan da sunanka na yanka kake kasuwa, doka ba ta tilasta maka rajistar suna ba. Idan ka laƙaba wa harkar wani suna, irin su "Alheri" ko "Nasara", dokar kamfanoni ta 2020 ta ce ka yi rajistarsa cikin kwana 28 da farawa. Masu POS kuwa tun 2024 CAC ta ce dole su yi rajista. Ana yi ta intanet, ba sai ka zo hedikwatarsu da ke Maitama ba.

A nan akwai bambancin da ya kamata a gane. Rajistar sunan kasuwanci ba ta mai da kai kamfani ba. Kai da sunan abu ɗaya ne, harajinka na jiha ne a kan lissafin da na kawo a sama, kuma kowace shekara kana sabunta bayani a CAC kafin 30 ga Yuni. Kamfani mai "Limited" shi mutum ne na daban a idon doka, NRS yake bi. An yafe wa ƙananan kamfanoni harajin kamfani, shi ya sa wasu ke rugawa can. Amma yafiyar ba ta ɗauke musu shigar da lissafi kowace shekara ba, galibi sai an biya akanta, kuma albashin da ka ɗebar wa kanka daga kamfanin yana da nasa harajin. Mai ƙaramin jari ya yi tunani kafin ya ɗauko wa kansa wannan kaya.

Ta uku, littafin shiga da fita. Ba sai da kwamfuta ba. Littafin makaranta mai bango mai ƙarfi ya isa, da boko ko da ajami, in dai akwai rana da adadi. Za a ce ai a kasuwannin Maigatari, Mai'adua, Illela, Wudil ko Potiskum ba a ba da rasit idan ka sayi sa. Gaskiya ne. Amma akwai takardar kara, akwai takardar lodi, akwai ta malaman dabbobi, akwai alat na kuɗin da ka tura, akwai dillalin da ya shaida. Ka haɗa su wuri ɗaya, ka ɗauki hotonsu da waya don rasit ɗin POS gogewa yake yi cikin 'yan watanni. Dabbar da ta mutu a hanya a rubuta, a ɗauki hoto. Bashin da mahauci ya gudu da shi, ka bi ka gaji, shi ma ana iya cire shi idan akwai shaida. Ana ajiye waɗannan takardu shekara shida.

Ka kuma san abin da ba ya shiga. Cefanen gida, kuɗin makarantar yara, hidimar biki da kujerar Makka ba kuɗin kasuwa ba ne. Hayar shago tana shiga gaba ɗayanta. Idan mota ko firiza ka saya don sana'a, ba a cire kuɗinta a shekara ɗaya, rarraba shi ake yi a kan shekaru.

Ta huɗu, bayanin kuɗin shiga na shekara. Kowace shekara, kafin ƙarshen 31 ga Maris, mai sana'a zai cike fom ya faɗa wa hukumar jiharsa abin da ya samu a shekarar da ta wuce. FCT-IRS da LIRS duk suna karɓa ta intanet, kuma suna da ofisoshi a unguwanni. Ko lissafinka ya nuna ba a binka komai, shigar da bayanin shi ne kariyarka, don rashin biya daban, rashin bayani daban. Tarar rashin shigarwa naira 100,000 ce a watan farko, sannan 50,000 duk wata. Ka ga mutum zai iya jawo wa kansa tarar da ta fi harajin kansa yawa.

Ta biyar, takardar shaidar biyan haraji, wadda ke nuna shekara uku da suka wuce. Ita ce ake tambaya idan za ka nemi kwangilar gwamnati, ko takardun fili, musamman nan Abuja, ko wasu lasisi. Wanda bai taɓa shigar da bayani ba, ranar da ya buƙace ta sai a yi masa lissafin shekara uku a dunƙule, kuma a lokacin ba shi da bakin ciniki don shi ke sauri.

Masu kai kaya kamfanoni da masu aiki ta intanet

Idan kana kai nama, albasa, tumatir ko hatsi otal ko kamfani, ko kana yi musu wani aiki, wata rana za ka ga an biya ka kuɗi da ɗan gibi. Doka ce ta sa su cire wani kaso su aika wa hukuma da sunanka, yawanci kashi 2 ko kashi 5 gwargwadon irin aikin. Wanda ba shi da lambar haraji ninki biyu ake cire masa. Wannan kuɗi bai ɓata ba, kafin alƙalami ne na harajinka. Ka nemi takardar shaidar cirewar, ranar lissafi a rage maka shi. Da yawa daga cikinmu ba su karɓa, sai su biya sau biyu.

Sannan sabuwar doka ta sa tarar naira miliyan 5 a kan kamfani ko hukumar da ta ba wanda ba shi da rajistar haraji kwangila. Ma'anar wannan a kasuwa ita ce, manajan da kuka shekara goma kuna harka zai iya ce maka ka kawo lamba ko ya nemi wani. A nan ne nake jin tsoron a bar mutanenmu a baya, kaya namu, wahala tamu, amma mai takarda ya shiga tsakani ya kwashe ribar.

Game da VAT, yana nan a kashi 7.5, amma kayan abinci na yau da kullum da dabbobi masu rai, shanu, awaki, tumaki da kaji, sifiri ne a kansu. Kada wani ya ce ka biya VAT a kan sa.

'Yan uwa matasa masu zane, haɗa bidiyo, fassara, rubuta manhaja, ko masu samun kuɗi daga YouTube, Facebook da TikTok, ku ma masu sana'ar kanku ne. Mazaunin Najeriya ana lissafa masa abin da ya samu ko daga Amurka ko Saudiyya aka biya shi. Ana mai da dalar zuwa naira a kan farashin hukuma, a cire kuɗin data, kayan aiki da sauran abin da aka kashe don aikin, sannan a bi hawa-hawan nan. Ribar kirifto ma ta shiga.

Rasit ɗin kasuwa da shingen hanya

Na san abin da dattawa za su ce: "Yaro, mu da muke biya tun daga Arewa har kudu, wane haraji kuma?" Suna da gaskiya. Duk wanda ya taɓa bin tirela ya san yadda ake tare mota da katako mai ƙusoshi, a miƙo takarda, wata ma ko hatimi babu. Yawan karɓe-karɓen nan yana cikin koken da ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta gabatar lokacin da ta dakatar da kai kaya kudu a ƙarshen Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan.

Sai dai a rarrabe. Kuɗin rumfa, kuɗin shago da kuɗin yanka a kwata yawanci na ƙaramar hukuma ne. A Abuja muna da guda shida, AMAC, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji. Biyansu ba ya sauke harajin kuɗin shiga, amma idan da rasit na gaskiya, kuɗin da ka kashe don kasuwa ne, yana rage ribar da za a yi wa lissafi. Tare hanya don karɓar haraji kuwa, dokar 1998 da ta jera harajin da aka yarda a karɓa ta haramta shi ƙarara. Abin da aka karɓa a shinge ba rasit, ya tafi ke nan, ba ya shiga ko'ina. Saboda haka inda duk aka ba da rasit a karɓa a adana, kuma harajin jiha a biya shi ta banki ko ta shafin hukuma, kada a danƙa shi a hannun mutum.

Idan aka yanka maka abin da ya wuce ƙima

Kana da kwana 30 daga ranar da takardar ta same ka ka rubuta ƙorafi, ka faɗi abin da kake ganin shi ne daidai, ka haɗa da shaidarka. Ka riƙe kwafi mai hatimin karɓa. Idan ba ku daidaita ba, akwai kotun ɗaukaka ƙarar haraji, kuma sabuwar doka ta kafa ofishin sauraron koken masu biyan haraji. Idan ka bar kwana 30 suka wuce shiru, adadin ya zauna. Wanda ba ya karatun Turanci ya kai takardar wurin mai karantawa a ranar da ta zo.

Kira ga shugabanninmu

Ina roƙon sarakunan Hausawa na kudu, sarakunan fawa, shugabannin kara da na ƙungiyoyin kasuwa su ɗauki wannan magana da muhimmanci. Kowane zango akwai yaran da suka gama sakandare, har da masu difloma da digiri, suna zaune. A zaɓi biyu ko uku masu amana, a koya musu cike fom da riƙe littafi, a ba su ɗan teburi a ofishin ƙungiya. A gayyato jami'an harajin jiha su zo kasuwa su yi bayani a gaban kowa, da tafinta. Ƙungiyar da ta zo da jerin mambobinta masu lamba da shaidar biya, idan ta je gaban gwamna neman ruwa, fitila, hanya ko tsaro a kara, maganarta ta fi nauyi. A garuruwan da ake yawan ce mana baƙi, rasit ɗin haraji na shekara da shekaru hujja ce mai ƙarfi.

Wanda zai fara, ya fara da abu uku a wannan satin: ya duba sunansa a NIN da BVN, ya raba asusun kasuwa da na gida, ya sayi littafi ya rubuta cinikin yau. Sauran za su biyo baya kafin 31 ga Maris.

Allah Ya sa albarka a nemanmu, Ya kai matafiyanmu gida lafiya.